Waƙar da Ba Ta da Suna: Darasin Faifan Sakkwato ga Makaɗan Zamfara

A hutun Babbar Sallar da ta wuce na je ganin gida a Gwashi, sai wata hidima ta kai ni Gummi. Cajin wayata ya ƙare, na tsaya a rumfar wani saurayi mai cajin waya, wanda kuma ke tura wa mutane waƙoƙi da finafinai da wa'azi a katin memori. Ina zaune a kan benci sai ya kunna wata waƙa da ban taɓa ji ba. Muryoyi huɗu ne ko biyar, ɗaya na ja, saura na amshi. Kiɗan na fiyano ne, amma an lanƙwasa shi ya bi tafiyar kalangu. Harshen kuwa Zamfarci ne tsantsa, irin wanda ba a koyonsa a sutudiyon Kano. Waƙar tana magana ne a kan gonar da mai ita ke hangowa daga bakin gari amma ba ya iya zuwa. Ba a kama sunan kowa ba, ba a zagi kowa ba, amma duk wanda ke rumfar ya yi tsit har ta ƙare.

Na tambayi mai rumfar ko su wane ne masu waƙar. Ya duba kwamfutarsa, ya juyo mini da fuskarta. Abin da ke rubuce a matsayin suna shi ne haruffan AUD, sai jerin lambobi, sai WA0007 a ƙarshe, wato irin sunan da WhatsApp ke liƙa wa sautin da ya ratsa ta cikinsa. “Wallahi Malam ban san su ba,” in ji shi, “hakanan nis same ta ga wayar wani direba.” Ya ce ya tura ta ga mutane da yawa, kuma har yanzu ana zuwa ana nema.

Wasu samari sun haɗa kuɗi, sun biya sutudiyo, sun yi aikin da ya taɓa zukata, aikin ya bazu, amma ba mai iya gayyatarsu biki, ba mai iya aika musu ko sisi, ba mai iya cewa ga shekarar da suka yi shi. Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Wannan kuwa ta rabu da mai ita tun ranar da ta fita daga sutudiyo.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne: abin da ya fi cutar da ƙananan ƙungiyoyin mawaƙa a yankinmu na Anka da Bukkuyum da Gummi shi ne rashin rubuta suna da shekara, da rashin adana asalin abin da aka naɗa. Wannan ya fi satar fasaha ɓarna, ya kuma fi rashin babban kamfani ɓarna, alhali maganinsa ne ya fi araha. Domin a ga haka sosai, sai mun ɗan zagaya ta Ingila, mu dawo Zamfara, sannan mu tsaya a Sakkwato.

Cin gashin kai a harkar faifai

Turawa suna da wani rukuni na mawaƙa da suke kira “indi”, kalmar da suka gutsuro daga wadda ke nufin cin gashin kai. Da farko ba salon kiɗa take nufi ba, hanyar fitar da faifai take nufi: ƙungiyar da ta naɗi waƙarta ta sayar ba tare da ta shiga hannun manyan kamfanoni ba. A yau kamfanoni uku ne suka mamaye kasuwar faifai ta duniya, wato Universal da Sony da Warner. Duk wanda ba ya ƙarƙashinsu, shi ne ɗan cin gashin kai.

Labarin da aka fi kafa misali da shi ya faru ne a birnin Manchesta. A watan Janairun 1977 wata ƙungiyar samari mai suna Buzzcocks ta ranci kusan fam 500 daga 'yan uwa da abokai, ta buga ƙaramin faifai mai waƙoƙi huɗu, Spiral Scratch, a ƙarƙashin kamfanin da ta ƙirƙira wa kanta. Kwafi 1,000 suka fara bugawa, daga baya suka sayar da kusan 16,000. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne bayan kwalin faifan: sun rubuta sunan kowane ɗan ƙungiya da abin da ya kaɗa, da ranar naɗi, har da ko a karo na nawa aka dace da kowace waƙa.

A 1986 jaridar kiɗa ta NME ta fitar da wani kaset mai suna C86, ɗauke da waƙoƙi 22 na ƙananan ƙungiyoyi, kuma daga nan ne salon waƙoƙi masu taushi na 'yan cin gashin kai ya samu suna da magoya baya. Shekara guda bayan haka mutum biyu, Clare Wadd da Matt Haynes, suka kafa kamfanin Sarah Records a birnin Biristol, suna gudanar da shi daga ɗakin da suke kwana. Kowane abu da suka fitar sai sun ba shi lamba, daga 1 har zuwa 100, inda suka rufe kamfanin da kansu a 1995. Yawancin ƙungiyoyin ba su yi arziki ba, wasu ma faifai ɗaya suka yi suka watse. Amma yau, bayan kusan shekara 30, mai bincike zai iya gaya maka wa ya yi wace waƙa, a wace shekara, a hannun wa asalin sautin yake. Ana sake buga faifan, masu shi ko magadansu suna samun rabonsu.

Ba yawan kuɗi ya ba su wannan ba, domin ba su da shi. Ɗabi'a ce ta rubuta abu a lokacin da aka yi shi.

Ƙungiya tsohuwar aba ce a wajenmu

Wanda ya tashi a Zamfara ba ya bukatar a yi masa bayanin ƙungiyar kiɗa. Makaɗin fada bai taɓa zama mutum ɗaya ba: akwai jagora, akwai masu kotso ko taushi, akwai 'yan amshi, akwai sanƙira. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, a ƙungiyar mahaifinsa ya tashi, ya yi aiki a ƙarƙashin yayansa Abdu Kurna, kafin ya ja tasa. Ibrahim Narambaɗa na Tubali da ke yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu waƙa, da Salihu Jankiɗi ɗan Rawayya da ya zama makaɗin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, da Sa'idu Faru, duk da jama'arsu suke tafe. Haka Kassu Zurmi a fagen mazaje, da Amali Sububu a fagen noma, da Sani Sabulu na Kanoma. Duk wanda ya saurari Narambaɗa da kunnen basira ya san rabin daɗin waƙar a bakin 'yan amshi yake, yadda suke karɓe ɗan waƙa tun jagora bai dire ba, su ƙarasa shi kamar da baki ɗaya.

To ina sunayen waɗannan 'yan amshi a kan kaset ɗin da muka gada? Mafi yawan abin da ya iso gare mu ya biyo ta gidajen rediyo ne, irin su Rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962 da Rediyon Rima na Sakkwato, sannan ta hannun masu sayar da kaset a kasuwa, waɗanda ke kwafa daga kwafi. Kowane kwafi yana rage wani abu: farkon waƙa ya gutsure, sauti ya dishe, gudun kaset ya canza har murya ta sirance. Da aka zo zamanin YouTube sai aka ɗora abin da ya saura, wani lokaci da hoton wani makaɗi a kan waƙar wani. Ba don ƙoƙarin masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ba, waɗanda suka bi makaɗa da iyalansu suka rubuta tarihinsu da matanin waƙoƙinsu, da abin da muka sani bai kai haka ba. Amma littafi yana adana kalmomi ne, ba ya adana sauti.

Wancan zamanin yana da uzuri. Makaɗin fada ba daga faifai yake ci ba, daga ubangida yake ci: doki, riga, hatsi, kujerar Makka. Naɗin waƙa wani abu ne da baƙi ke zuwa su yi su tafi. Makaɗin noma kuma gayya ce kasuwarsa, na dambe fage ne kasuwarsa. Yaran yau ba su da wannan uzurin, domin ba su da wannan kasuwar. Tun daga shekarun 1990, lokacin da fiyanon Casio da Yamaha suka shiga waƙoƙin finafinan Hausa, kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi bayani a rubuce-rubucensa, waƙa ta koma abin da ake haifa a sutudiyo. A yankinmu kuma rashin tsaro ya ƙara tsuke fage: gayya ta yi wuya, bikin dare ya ragu, tafiya daga gari zuwa gari da kayan kiɗa ta zama kasada. Ga ƙungiyar samari a Bukkuyum ko Anka, abin da aka naɗa shi ne dandali, shi ne talla, shi ne gado. Idan ya tafi ba suna, komai ya tafi.

Faifan da aka naɗa a Sakkwato

A 2008 wani saurayi Buzu daga yankin Tawa na Jamhuriyar Nijar, Mahamadou Souleymane, wanda aka fi sani da Mdou Moctar, ya zo Sakkwato ya naɗi waƙoƙinsa na farko. Bahago ne, kuma jitarsa ta farko da kansa ya ƙera ta da wayar birkin keke. Da harshen Tamashek yake waƙa, amma sautin da ya fita daga sutudiyon na waƙoƙin finafinan Hausa ne: gangar na'ura, da muryar da aka tace da manhajar Auto-Tune har ta yi santsi kamar ta sarewa. Wato dai irin kiɗan da da yawa daga cikinmu 'yan boko ke yi wa kallon raini. Sunan kundin Anar.

Ba kamfanin da ya fitar da shi a lokacin. Ta Bluetooth da katin memori ya bazu, daga waya zuwa waya, daga direba zuwa fasinja, har ya ƙetara hamada ya kai arewacin Mali. A garin Kidal ne wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, wanda ke tattara waƙoƙi daga wayoyin mutane, ya ci karo da ɗaya daga cikinsu, Tahoultine. Ya sa ta a kundin Music from Saharan Cellphones da ƙaramin kamfaninsa na Sahel Sounds, da ke birnin Fotlan a Amurka, ya fitar a 2011. Aikin da ya fi ba shi wahala shi ne cigiyar masu waƙoƙin domin a biya su, kasancewar fayilolin sun zo ba cikakken bayani. Ya dai samo Mdou Moctar.

Abin da ya biyo baya yana rubuce, shekara bayan shekara. A 2013 aka fitar da Afelan, wanda aka naɗa a garin Cintabaradan. A 2014 aka buga Anar a faifan garmaho, shekara shida bayan naɗinsa. A 2019 aka fitar da Ilana, lokacin abin ya zama cikakkiyar ƙungiya ta mutum huɗu: shi da Ahmoudou Madassane a jita, da mai ganga, da Ba'amurke Mikey Coltun. Daga nan suka koma Matador, ɗaya daga cikin fitattun kamfanonin 'yan cin gashin kai na birnin Niyok, wanda ya fitar musu da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024. Yau ƙungiyar na zagaya Turai da Amurka.

Abu biyu nake so mai karatu ya lura da su. Na farko, hanyar da Anar ya bi ita ce hanyar da waƙar da na ji a Gummi take bi. Sutudiyo iri ɗaya, waya iri ɗaya, direba iri ɗaya. Inda suka rabu shi ne an samu wanda ya mayar wa waƙar Mdou Moctar da sunan mai ita. Daga ranar da suna ya koma kan sauti, sai aka samu wanda za a kira, wanda za a biya, wanda za a ce ya sake yin wata. Na biyu, a yadda aka saba ba da labarin, ana cewa “a Sakkwato” ne a wuce. Mai fiyanon da ya zauna ya haɗa sautin da ya ja hankalin duniya ba ya shiga labarin. Ko a cikin nasarar ma, ɓangarenmu ne ya zo ba suna.

Kamfanin Sahel Sounds ɗin ya kuma fitar da Harafin So a 2013, tarin waƙoƙin finafinan Hausa da aka buga a faifan garmaho domin masu saye a ƙasashen waje. Abin da muke turawa a memori mu goge idan wuri ya cika, wasu suna ba shi lamba su jera a kanta.

Abin da za a iya cewa a kan wannan ra'ayi

Wani zai ce darasin labarin shi ne sai Bature ya zo. Akwai gaskiya a cikin damuwar, domin kasuwar da ta ɗaga Mdou Moctar tana waje, kuma mai zaɓen abin da zai fita shi ne mai iko. Amma a duba abin da baƙon ya yi a zahiri: ya kwafi fayil, ya yi cigiya, ya rubuta suna, ya yi yarjejeniya, ya ajiye asali. Babu ko ɗaya a ciki da ya fi ƙarfin ɗalibin Sashen Hausa ko ma'aikacin gidan rediyo. Sa'a ce ta kai shi Kidal, kuma ba a gina sana'a a kan sa'a. A Yamai, ƙungiyar Tal National, wadda ke waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, ta daɗe tana buga faifanta tana sayarwa a titi da sunanta kafin kamfanin FatCat na Ingila ya fitar da kundinta Kaani a 2013. Da baƙo ya zo, ya tarar da masu gida da kayansu a ƙulle, sai ciniki.

Wani kuma zai ce intanet ta riga ta warware matsalar: a ɗora a Audiomack ko Boomplay ko Spotify, suna ya zauna. A ɗora ɗin, yana da amfani. Sai dai a tuna da 2021. A watan Fabrairun shekarar Spotify ya shigo Nijeriya. A watan Satumbarta aka katse layukan waya a faɗin Jihar Zamfara saboda matakan tsaro, aka kuma dakatar da kasuwannin mako. Wasu yankuna sun yi watanni ba sabis. A tsawon lokacin, waƙa da wa'azi da labari ba su daina yawo ba, ta memori da Bluetooth da Xender suka ci gaba da tafiya. Ko da sabis, kuɗin data ba ƙaramin abu ba ne ga manomi. Ga kuma ƙa'idar da Spotify ya kafa daga 2024, cewa waƙar da ba a saurara sau 1,000 a cikin wata 12 ba, ba ta samun kaso. Masu sauraron ƙungiyar Bukkuyum suna nan da yawa, amma ba a inda na'ura ke ƙirga su suke ba. Saboda haka dole suna ya kasance a wurin da zai tsira ko da intanet ko babu.

Na uku ya fi nauyi: mutanen da ke kwana da ido ɗaya, wa ke ta waƙa? Na ji wannan daga bakin mutanen da nake girmamawa. Amsata ita ce waƙar nan ta gona. Nan da shekara 40, idan jikokinmu suka so sanin yadda wannan zamani ya kasance a zuciyar mutumin ƙauye, rahoton jarida zai ba su adadi, sanarwar gwamnati ta ba su matakai. Yadda abin ya yi ciwo kuwa, a irin wannan waƙa za su same shi, in ta kai gare su da shekararta da garinta. Shaidar da ba a san mai ita ba, ba a san lokacinta ba, rabin shaida ce.

Akwai kuma masu ƙyamar kiɗa saboda dalilin addini, kuma wannan muhawara ce ta malamai da ba ni da hurumin yanke ta. Abin da zan ce kawai shi ne cutar ba ta tsaya a kan masu fiyano ba. Sha'irai masu bege, da masu waƙen wa'azi ba kiɗa, har da karatun malaman ƙauye da aka naɗa a waya, duk haka suke yawo ba suna. Haƙƙi kuwa haƙƙi ne ko na wane ne.

Ramzi, uwar ɗauka, da takarda

Mafita ta farko tana cikin gadonmu. Malaman da suka rubuta waƙoƙi da ajami a ƙarni na 19, irin su Nana Asma'u, sukan rufe waƙa da ramzi, wato kalmar da idan aka lissafa haruffanta za ta ba da shekarar Hijira da aka yi waƙar. Marubuta da yawa kuma sukan ambaci sunansu a baitocin ƙarshe. Sun san takarda za ta yi yawo, za a kwafa, bango zai yage, saboda haka suka saka bayanin a cikin jikin waƙar. Fayil ɗin sauti ma haka yake: WhatsApp zai canza masa suna, mai rumfa zai sake masa wani, amma ba mai goge abin da aka furta. Mawaƙan zamani sun saba kiran sunansu da na sutudiyo a farkon waƙa. Abin da ya rage shi ne a cika: sunan ƙungiya, gari, shekara, da sunayen waɗanda suka yi amshi da wanda ya haɗa kiɗa. Daƙiƙa goma sun isa.

Ta biyu ita ce uwar ɗauka, wato asalin sautin kafin a matse shi ya zama ƙaramin fayil na waya. Yawancin yara suna barin sutudiyo da MP3 kawai, uwar tana kwamfutar mai sutudiyo har ranar da kwamfutar za ta lalace ko a goge domin a samu wuri. Ƙungiya ta nemi fayil ɗin WAV, da muryoyi daban da kiɗa daban, tun a cikin cinikin farko, ta ajiye a wuri uku da ba gari ɗaya ba. Wannan ba kariya ce ta matalauta kaɗai ba: a 2008, shekarar da aka naɗi Anar, gobara ta cinye wata ma'ajiyar Universal a Kalifoniya tare da ɗimbin asalin faifai.

Ta uku takarda ce, shafi ɗaya: wa ya tsara waƙa, wa ya yi kiɗa, wa ya biya sutudiyo, kason kowa nawa ne, da sa hannun shaidu biyu. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, sautin da aka naɗa kuma shekara 50. Kariyar tana nan ko ba a yi rajista ba. Amma doka ba ta iya kare wanda ba zai iya nuna cewa shi ne ba. Ƙungiyoyi da yawa ba talauci ke raba su ba, kuɗin farko ne ke raba su, saboda ba a yi maganar rabo tun ana abokai ba.

Ta huɗu lamba ce. Kowane sutudiyo a Gummi ko Anka ko Gusau zai iya sayen littafi mai bango mai kauri ya riƙa rubuta kowane aiki da lambarsa da ranarsa da sunayen masu shi, kamar yadda mutum biyu suka yi a Biristol. Wanda zai ɗora waƙa a intanet kuma ya tabbatar ta samu lambar ISRC, lambar duniya mai gurbi 12 da ake gane kowane naɗi da ita, kuma da sunansa aka yi, ba da sunan wanda ya taimaka ya ɗora masa ba.

Ta biyar ta shafi masu rumfa. An daɗe ana kiransu ɓarayin fasaha, kuma gaskiya ne suna sayar da abin da ba nasu ba. Amma su ne gidan rediyon da bai taɓa ɗaukewa ba, su ne suka san abin da ake nema a kowace kasuwa. Ƙungiya mai wayo za ta kai musu sabuwar waƙa da hannunta, mai kyan sauti, da cikakken suna da lambar da za a neme ta, ta roƙi a buɗe mata jaka da sunanta a kwamfuta. Mai rumfa ba ya asarar komai, hasali ma ya fi son kayan da zai iya nemowa da sauri. Kuɗin ƙungiya ba daga turin zai zo ba, daga gayyatar da turin zai jawo ne.

Namu rabon

Saura mu, masu karanta irin wannan maƙala a Abuja da Kaduna da Sakkwato, waɗanda ke kunna Ɗanƙwairo a mota muna cewa an daina waƙa. A gidajen iyayenmu akwai akwatunan kaset da ba a sake buɗewa ba tun da rediyon ya lalace. A cikinsu akwai makaɗan gari da ba su taɓa zuwa Kaduna ba, waɗanda wani ya naɗa a bikin naɗin sarauta ko a gayya, kuma wataƙila kwafin nan shi kaɗai ya rage a duniya. Zaren kaset yana mutuwa da zafi da laima. Ambaliyar da ta auka wa Gummi a daminar 2024 ta nuna yadda dare ɗaya ke iya tafiya da abin da gida ya tara a shekaru. Gudun hijira daga ƙauye ma ba ya barin a ɗauki akwatin kaset.

Da na koma Gwashi na tambayi kawuna nasa akwatin. Ya jawo shi daga ƙarƙashin gado, ya ce, “Ɗana, ɗauki abinka, amma ka zauna in gaya maka su wane ne, don ba a rubuta ba.” Mun yi yamma biyu yana saurare a wata tsohuwar rakoda da muka aro, yana faɗa ina rubutawa: wannan wane ne, ga garinsu, ga bikin da aka yi, shekarar da aka yi fari ce ko wadda ta biyo. Kaset uku ya kasa tunawa. Ya ce wanda zai sani ya rasu bara.

Aikin ba ya bukatar kwamiti ko kasafin kuɗi kafin a fara. Rakoda, waya mai haɗa ta da kwamfuta, littafi, da dattijo mai tuni. Abin da aka kwafa a ba iyalan makaɗin nasu, a kai wani Sashen Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko na Jami'ar Tarayya ta Gusau, inda ɗalibai ke neman abin nazari kowace shekara. Wanda ke da hali kuma, maimakon liƙi a biki kaɗai, ya biya wa wata ƙungiyar garinsu kuɗin sutudiyo, da sharaɗin a karɓo uwar ɗauka a kuma rubuta takarda.

Waƙar gonar tana wayata har yanzu. Na canza mata suna zuwa “Gummi, rumfar caji”, domin iyakar abin da zan iya shaida ke nan. Idan a cikin masu karatu akwai wanda ya san samarin da suka yi ta, ya gaya musu waƙarsu ta kai inda ba su zata ba, kuma akwai masu nemansu. In za su sake shiga sutudiyo, su faɗi sunansu da garinsu da shekara kafin kiɗa ya tashi.